Man Juye, Filta da Tsawon Ran Ƙaramar Tarakta

Da zarar ruwan shuka ya sauka, babu injin da ake rububi a ƙasar Hausa kamar tarakta. Wayar mai ita ba ta hutawa, direba yana fita tun da asuba, manoma kuma suna bin layi, kowa na son a yi masa haro kafin ƙasa ta sake bushewa. Makonni ne 'yan kaɗan, wanda suka kuɓuce masa kuwa ya shiga damina da ƙafar hagu. A daidai wannan lokaci ne aka fi jin labarin da ba a so: inji ya buga a tsakiyar gona, an ɗaure tarakta da sarƙa an jawo ta gari, bakanike ya duba ya ce sai an sauke inji gaba ɗaya. Kafin a haɗa kuɗin gyara a samo kaya, shuka ta wuce.

Idan aka bi diddigin irin wannan asara, ba kasafai ake tarar da cewa aiki ne ya fi ƙarfin injin ba. Don wahala aka ƙera shi, kuma injin dizal da ke samun kulawa yana yin dubban awoyi kafin ya nemi babban gyara. Abin da ke cinye shi tun kwanansa bai ƙare ba shi ne datti: ƙurar da ta bi iska ta shiga, ruwa da tsatsar da suka biyo man gas, da baƙin hayaƙin da ke taruwa a cikin man juye. Abin da ke tsare waɗannan ƙofofi uku kuwa bai wuce 'yan litocin mai da wasu filtoci ba, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da kuɗin taraktar kanta.

Ƙaramar tarakta, wadda ƙarfinta ke tsakanin doki 20 zuwa 50 ko sama da haka kaɗan, ita ce ta fi dacewa da gonakinmu masu kadada ɗaya ko biyu, da fadamu, da filayen noman rani irin na Kadawa da kwarin Haɗeja. Akwai Kubota ta Japan, da Mahindra da Sonalika na Indiya, da John Deere ta Amurka, da kuma Massey Ferguson 240 wadda kamfanin Millat ke haɗawa a Lahore ta Pakistan, mai injin Perkins na fistan uku. Mun daɗe da sanin tarakta. An taɓa haɗa Steyr a Bauchi, an haɗa Fiat a Kano. Amma duk wanda ya zagaya harabobin ma'aikatun gona da na ƙananan hukumomi ya san yadda taraktoci ke jere a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, wasu ko fentinsu bai gama koɗewa ba. Sayen tarakta abu ne na rana ɗaya, riƙe ta kuwa aiki ne na kullum, kuma a nan ne muke da rauni.

Aikin da mai ke yi a cikin inji

Muddin komai na tafiya daidai, ƙarfe ba ya gugar ƙarfe a cikin inji. Famfon mai yana zuƙo man daga tukunyar da ke ƙasan inji, ya tura shi ta cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi ya shiga tsakanin sandar da fistoci ke juyawa da mazauninta. A can yakan zama wani siririn shimfiɗi da bai kai kaurin silin gashi ba, kuma a kansa ne duk nauyin bugun fistan ke sauka. Ban da santsi, man yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistan inda ruwan lagireto ba ya kaiwa, yana toshe 'yar ratar da ke tsakanin zobban fistan da bangon silinda don kada ƙarfin inji ya zurare, yana kuma wanke datti ya kai wa filta.

Man da ke cikin galan ba zallan mai ba ne. An gauraya shi da sinadarai iri-iri: masu wanke ƙarfe, masu riƙe baƙin hayaƙi ya yi ta yawo a cikin man don kada ya dunƙule ya zama laka, masu rage cin ƙarfe, da masu kashe kaifin asid. Waɗannan sinadarai ƙarewa suke yi da aiki. Shi ya sa man da ya ƙetare wa'adinsa zai iya nuna santsi a tsakanin yatsu alhali abin da ke kare inji a cikinsa ya riga ya ƙare. Sau da yawa za ka ji direba ya zaro geji ya murza man da yatsa ya ce, "Alhaji, man nan da sauransa, ƙari kawai za a yi." Yatsa ba ya auna asid, kuma ƙari ba ya fitar da dattin da ya riga ya taru. Launi ma ba ma'auni ba ne. Man injin dizal yakan yi baƙi cikin 'yan awoyi bayan juye, domin aikinsa ke nan na ɗauke baƙin hayaƙi.

Akwai dai alamomin da ido da hanci ke iya kamawa, kuma kowane direba ya kamata ya san su. Idan man ya koma ruwan madara-madara, ruwa ya shige shi, galibi daga lagireto ta gasket ɗin kan inji. Idan yana ƙaruwa a geji ba tare da an ƙara ba, ya tsinke yana warin gas, to man gas ne ke zurara cikinsa. Idan kuma aka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin wanda aka juye, wani abu na cin kansa a ciki. Ko wanne aka gani a cikin ukun nan, a kashe inji a nemo bakanike, kada a ce bari a ƙarasa wannan gonar.

Awa ake ƙirgawa, ba wata ba

Mota tana auna wahalarta da kilomita, tarakta kuwa da awa, shi ya sa aka sa mata agogon awa a gaban direba. Tarakta na iya wuni cur a gona ɗaya ba ta yi tafiyar a-zo-a-gani ba, amma injinta yana juyi kusan 2,000 a kowane minti, yana jan garma cikin ƙasa mai nauyi. A awa 250 na irin wannan aiki, inji ya yi juyi miliyan 30 a kan man nan guda.

Kamfanoni da yawa sun yi ittifaƙi a kan sabis na farko: sabuwar tarakta, ko wadda aka yi wa babban gyaran inji, ana juye mata mai a canza filta bayan awa 50. A wannan lokaci ne sababbin ƙarafa ke zama da juna, suna zubar da ɗan garin ƙarfe wanda bai kamata ya daɗe yana zagayawa ba. Bayan haka wa'adin ya danganta da irin injin. Wasu awa 100 ne, wasu 200 ko 250, wasu sababbi har 400 ko 500. Littafin da ya zo da taraktar shi ne alƙali, kuma duk wanda ya sayi tarakta ta hannu ba tare da littafinta ba, ya dace ya neme shi a wurin dillalin kamfanin ko ta intanet.

Ga lissafin da masu hayar tarakta da yawa ba sa yi. Taraktar da ke aikin awa 12 a rana lokacin haro tana cinye awa 250 cikin mako uku. Ke nan man da aka zuba mata a farkon damina ya ƙare aikinsa tun layin manoma bai ƙare ba, a daidai lokacin da mai ita ya fi ƙyashin tsayar da ita. Juyen mai da canjin filta ba su cika cin awa ɗaya ba idan kayan suna kusa. Abin da ke mayar da su aikin wuni biyu shi ne a ce sai an je birni neman filta. Taraktar da ba ta aiki sosai ita ma ba ta tsira ba: ko awoyinta ba su cika ba, a juye mata aƙalla sau ɗaya a shekara, domin man da ke kwance yana tara laima da asid.

Littattafan kamfanoni suna ƙara wani sharaɗi da ya shafe mu kai tsaye: a wurin da ƙura ta yi yawa, ko zafi ya tsananta, ko man gas ke da yawan sinadarin salfa, a rage wa'adin. Salfa idan ta ƙone ta haɗu da laima asid take zama, ta sauka cikin man juye ta cinye sinadaran da ke kare ƙarfe. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto a kan man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma, lokacin da dokar Najeriya ta yarda da salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai iyakar kashi 10 ce. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko da ita zuwa kashi 50. Ci gaba ne, amma mai tarakta a ƙauye ba shi da abin auna gas ɗin da aka kawo masa a jarka. Hikima ita ce ya ɗauki wa'adin da ke littafi a matsayin iyaka ta ƙarshe, ya riƙa juyewa kafin ya kai ta.

Wane mai, wace filta

Rubutu biyu ne ake dubawa a jikin galan. Na farko na kauri ne, irin su 15W-40. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyin safiya, ta biyu kuma kaurinsa bayan inji ya ɗau zafi. Wannan kaurin shi ne aka fi ba da shawara ga yawancin injinan dizal a ƙasashe masu zafi irin namu. Na biyu shi ne matakin inganci na cibiyar API ta Amurka. Wanda ya fara da harafin C na injin dizal ne, wanda ya fara da S na injin fetur. CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 kuma a 2016. Man ƙaramar mota mai harafin S kaɗai ba a yi shi don ɗaukar baƙin hayaƙin dizal ba, don haka bai dace da tarakta ba komai tsadarsa.

Babban haɗari shi ne man da ba a san asalinsa ba, wanda ake aunawa a kwalba ko a jarka marar suna. Wani zallan mai ne da ba a sa masa sinadaran kariya ba, wani kuma tsoho ne aka tace aka sake sayarwa. Hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, ta sha sanar da kama jabun man inji. A saya a wurin dillalin da aka sani, a duba hatimin murfi, a kuma huda galan idan ya ƙare don kada a sake cika shi da wani abu a sayar wa wani.

Filta ma haka take. Wanda ke son ganin bambanci ya sa a yanka masa tsohuwar filta ta asali da ta jabu a ajiye su gefe da gefe. A cikin ta asali zai ga takarda mai kauri an naɗe ta ninki-ninki a matse, an like bakinta sama da ƙasa, ga wani ɗan bawul mai sifirin wanda ke buɗewa ya bar mai ya wuce idan takardar ta toshe, don kada inji ya rasa mai ɗungurungum. A cikin ta jabu ninkin kaɗan ne, takardar sakwa-sakwa, likin yana ɓanɓarewa da ɗan yatsa. Daga waje kuwa fenti ɗaya, lamba ɗaya. Araha ba ta ado, balle a wurin da inji gaba ɗaya ya dogara da takarda. Wannan bawul ɗin kuma shi ne dalilin da ya sa ba a juye mai a bar tsohuwar filta: idan ta toshe, inji ba zai tsaya ba, zai ci gaba da shan man da ba a tace ba, babu wata alama da direba zai gani.

Yadda ake juyen

A tsayar da tarakta a wuri mai daidai, a sauke garma ko haro ƙasa, a ja birkin hannu. A bar inji ya yi 'yan mintuna yana aiki don man ya yi ɗumi ya tsinke, dattin da ya kwanta ya taso, sannan a kashe a zare makulli. Kafin a kwance komai, a goge kewayen murfin mai da na filta da tsumma mai tsabta, domin ƙasar da ta manne a wurin tana jiran a buɗe ne ta faɗa ciki.

A tara daro a kwance notin ƙasa, a yi hattara da zafin man, a ba shi lokaci ya tsiyaye sarai. A duba washar notin, in ta lanƙwashe ko ta tsage a canza ta, sannan a ɗaure daidai ba tare da an hau sifana da ƙafa ba. Idan aka kwance tsohuwar filta, a tabbata zoben robarta ya fito tare da ita. Yakan manne a jikin inji, kuma in aka ɗora sabuwa a kansa, roba biyu ba sa riƙe matsi: man zai iya tsiyayewa ƙasa cikin 'yan mintuna ana tsakiyar aiki. A shafa ɗan sabon mai a zoben sabuwar filta, a murɗa ta da hannu har robar ta taɓa mazauninta, sannan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na juyi ɗaya, ko yadda aka rubuta a jikinta. Hannu ya isa, ba a ɗaure ta da ƙarfe.

A zuba sabon mai da mazurari mai tsabta gwargwadon abin da littafi ya ce. A tayar da inji a hankali ba tare da taka totur ba, a ga fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Sai a kashe, a jira 'yan mintuna man ya koma tukunya, a sake duba geji. Tsakanin layi biyun da ke jikin gejin ake so ya tsaya. Wuce layin sama ba ƙarin kariya ba ne, kumfa yake jawowa da yoyo. Abu na ƙarshe, wanda aka fi mantawa: a rubuta kwanan wata da adadin awa, a littafi da kuma jikin filtar.

Ƙura, babbar abokiyar gaba

Injin Perkins na Massey Ferguson 240 lita biyu da rabi ne. Idan yana juyi 2,000 a minti, yana shaƙar iska fiye da lita 2,000 a kowane minti ɗaya. A yi tunanin wannan iska a bayan haro cikin busasshiyar gona a watan Mayu, ko kusa da injin casar masara, ko a tsakiyar hunturu lokacin da iska ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta lulluɓe mu da hazo. Ɓarɓashin yashin da ke cikin ƙura ya fi yawancin ƙarafan inji tauri. Idan ya sami shiga, sai ya haɗu da mai ya riƙa goge zobban fistan da bangon silinda. Daga nan inji ya fara shan mai, yana shuɗin hayaƙi, yana wuyar tashi da safe, ƙarfinsa na raguwa. Ƙurar da ba ta cika tafin hannu ba ma ta isa ta gama da inji.

Matatar iska iri biyu ce a taraktocinmu. Akwai mai kwanon mai a ƙasa, wadda aka fi gani a tsofaffin samfura: iska tana bugun man, ƙura ta maƙale ta kwanta a gindin kwanon. A lokacin ƙura kullum ake cire kwanon a duba, in laka ta taru a kwashe a wanke, a zuba mai daidai layin da aka zana. Akwai kuma ta busasshiyar takarda, wadda sau da yawa biyu ce, babba a waje da ƙarama a cikinta. Babbar ana iya hure ta da iska marar ƙarfi sosai, daga ciki zuwa waje. Ba a buga ta a jikin taya, ba a wanke ta da gas ko fetur, ba a kuma sa mata iskar mai faci da dukkan ƙarfinta, domin takardar na iya yagewa inda ido ba zai gani ba. Ƙaramar ta ciki ba a tsabtace ta sam. Ita ce mai gadi na ƙarshe, in ta yi datti canza ta ake yi.

Gwaji biyu ne masu sauƙi da kowa zai iya yi. A shiga ɗaki mai duhu a sa tocila a cikin filtar a juya ta a hankali. Duk inda haske ya ɓullo kamar tsinin allura, filtar ta gama aiki. Sannan a sa farin tsumma a shafo cikin bututun da ke tsakanin filta da inji. Ya kamata ya fito fes. In ya fito da ƙura, akwai inda take shiga, ko ta yagaggiyar filta, ko ta tsagaggen tiyo, ko ta maɗaurin da ya saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sabuwar filta ba ta da amfani in tiyon da ke bayanta a fashe yake. A haɗa da share ragar gaban lagireto daga ƙaiƙayi da ciyawa, domin injin da ke zafi fiye da kima yana saurin kashe mansa.

Gas mai tsabta

Famfon injekta da nozul su ne kayan da suka fi tsada da laushin rai a jikin injin dizal. Ratar da ke tsakanin ƙarafansu ta fi ta ko'ina ƙanƙanta, kuma a famfuna da yawa man gas ɗin da kansa ne ke ba su santsi. Ruwa yana sa su tsatsa, datti yana karce su, kananzir da ake gauraya wa gas kuma yana rage santsin. Sababbin injina masu sarrafa feshin mai da kwamfuta sun fi tsofaffi rashin haƙuri, domin matsin da suke aiki da shi ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 1,500. Irin waɗannan ba a kwance bututunsu inji na aiki, saboda feshin na iya huda fatar mutum.

Ruwa yana shiga tanki ta hanya biyu: ta jarka da duron da aka ajiye a waje, da kuma ta raɓa. Tankin da ya kwana rabi yana cike da iska mai laima, wadda ke zama ɗigon ruwa a bangonsa idan dare ya yi sanyi. Maganin shi ne a cika tanki da yamma bayan an tashi daga aiki. Duron gas kuma a bar shi ya kwana a zaune kafin a ɗiba, kada a zuƙo daga can ƙasansa, a kuma tace lokacin zubawa. A ƙarƙashin filtar gas akwai ɗan kofi, a wasu taraktocin na gilashi. Da yake ruwa ya fi gas nauyi, a nan yake kwanciya, ana ganin layin da ya raba su ƙarara. Kowace safiya a duba a zubar. Ita kanta filtar a canza ta a kan wa'adinta, kada a cika sabuwa da gas daga jarka kafin a ɗaura, domin wannan gas ɗin zai wuce famfo ba a tace shi ba. Bayan an ɗaura sai a fitar da iskar da ta shiga layi ta ɗan famfon hannu da notin da aka tanada don haka, maimakon a yi ta murza makulli har batir ya mutu.

Man giya da na ɗaga garma

A yawancin ƙananan taraktoci, giya da na'urar ɗaga garma, wani lokaci har da birki, mai ɗaya suke sha daga ma'aji ɗaya. Mai ne na musamman, kuma zuba wanda bai dace ba yana sa birki ƙara, ɗaga garma ya yi nauyi. Wa'adinsa ya fi na man inji tsawo, amma yana da tasa filtar ko ragar da ake wankewa. Masu aiki a fadama da gonakin shinkafa su fi kowa sa ido, saboda ruwa na shiga ta robobin da suka tsufa. Mai jan ƙafa huɗu tana da wani man daban a gatarin gaba. Sai kuma giris: a goge kan kowane nonon giris kafin a matsa, don kada a tura ƙasa ciki tare da shi.

Ina za a kai tsohon mai?

Baƙin man da aka juye yana ɗauke da garin ƙarafa da ragowar ƙuna masu cutarwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na mota zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Kada a zubar da shi a gona, ko kwata, ko kusa da rijiya. Kada a shafa wa dabba a kan ƙazuwa ko gyambo kamar yadda wasu ke yi, kada kuma a bar shi ya daɗe a fatar hannu. A tara shi a jarka mai murfi nesa da yara, a miƙa wa masu karɓarsa, a kuma tabbata ba masu sake ɗura shi a galan su sayar ba ne.

Alhakin a wuyan wa yake?

Duk abin da aka lissafa a nan babu wanda ya gagari direba mai lura. Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin aikin. Direban da ake biya bisa yawan kadadar da ya yi yana ganin duk awar da ya tsaya asara ce a gare shi. Mai tarakta yana gari, abin da yake ƙirgawa kuɗin da aka kawo masa da yamma. Taraktar ƙungiya ko ta hukuma kuwa, kowa na hawa, babu mai ita. Haka awoyi ke wucewa babu wanda ya rubuta.

Gyaran yana farawa ne daga abubuwa uku. Na farko littafi, ko da na 'yan makaranta ne, a ajiye shi a akwatin tarakta: kwanan wata, awa, abin da aka canza, da wanda ya canza. In agogon awa ya mutu a gyara shi, kafin nan a riƙa rubuta awoyin kowace rana. Kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014 ya kuma fara aiki a Najeriya, yana maƙala wa tarakta na'urar da ke nuna wa mai ita inda take da awoyin da ta yi ta wayarsa, amma wanda bai da wannan, biro da takarda sun ishe shi. Na biyu, a cire kuɗin sabis daga kuɗin kowace kadada tun kafin a kira saura riba, kamar yadda ake cire kuɗin gas. Na uku, a sayi mai da filtoci na juye biyu tun watan Afrilu a ajiye, a kuma biya direba ladan ranar sabis don kada ya ga tsayawar a matsayin hukunci.

Hukumomin da ke sayo taraktoci su raba wa manoma su ma suna da nasu kason. Duk kwangilar da ba ta ƙunshi filtoci na shekara biyu, da littafin kulawa cikin harshen da direba ke karantawa, da horon direbobi da makanikai na yankin ba, ba ta cika ba. Muna da cibiyar bunƙasa aikin gona da injina ta ƙasa a Ilorin, muna da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ga kwalejojin gona a jihohi, duk za su iya ɗaukar nauyin wannan horo. Taraktar da ta yi shekara goma sha biyar tana aiki ta noma gonakin da taraktoci uku masu mutuwa a shekara ta uku ba za su noma ba. Manomin da ke jiran layi ba ruwansa da yawan taraktocin da aka ƙaddamar a filin taro. Wadda za ta iso gonarsa a makon da ƙasa ke da laima ita ce tasa, kuma isowarta ta dogara ne da wanda ya duba geji da safe, ya zubar da ruwan kofin gas, ya kuma juye mai ranar da awa ta cika.